Kogon Kukar Mai Amya

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar maigidana. Ba da takarda nake lissafi ba, da furen ɗorawa nake yi, don ranar da aka kai shi makwancinshi ɗorawar bayan gidanmu ta yi jawur da fure, kuma tun daga nan sau goma sha biyar na ga ta sake shi. Sunanshi ba zai fito daga bakina ba, ko da a jarida ne. Mutanen Ƙofa da na Yashe Mai Amya suke ce mashi, har kasuwar Kankia in ka ce Mai Amya ba mai tambayarka wanne. Ni kuwa Abu ce, mai daddawa. Ban zauna a benci ba, ɗiyata Rakiya ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta yi mani gyara.

Bai ga naira ba, da sule da fam ya san kuɗi. Bai ga motoci sun koma hannun dama ba, bai ga kwano ya hau ɗakunan Ƙofa yana ƙyalli ba, bai ga yaran da aka haifa gabanshi sun dawo daga Kaduna da babur da rediyo ba. Sau da yawa nakan tambayi kaina, da za a ba shi aron yini ɗaya ya dawo, mi zai fara kallo. Na san shi. Ba zai tsaya kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Gona zai nufa, ya ɗaga kai yana duba rassan itace, sannan ya juyo ya dube ni. Wannan duban nake tsoro, shi ya sa na ce a rubuta.

Ɗan kawuna ne, taubashina. Tun muna yara muke tsokanar juna, kowa na cewa ɗan'uwanshi ne bawa, kuma aure bai raba mu da wannan ba. Gaban mutane in sunkuyar da kai kamar kowace matar kirki. In mun shiga gida in ce mashi bawan ƙuda, shi kuma ya ce mani 'yar gwaggo mai wuyan taɓarya, wai ba ya tanƙwaruwa.

Wanda bai san tsakanin Ƙofa da Yashe a wancan zamani ba zai ce ƙari nake yi. Kowace gona da iyakarta ta gamba, ta fi mutum tsawo. Ka bi ta da safe, fakara ta tashi gabanka fir, zomo ya ratsa ta ƙafarka. Zabin daji kan gauraya da namu na gida wajen kiwo, mu tsinci ƙwansu cikin ciyawa mu sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. A fadama akwai gada, akwai damo da guza, kuma damina ba ta wucewa ba mu ji kukan gauraka ba. Itace kuwa, in mace ta fita neman na girki, busasshen da ya faɗo da kanshi ya ishe ta, ba ta ɗaukar gatari.

Cikin wannan daji yake sana'arshi. Ya yanko gamba ya saƙa amya, ɗakin ƙudan zuma, doguwa kamar ganga, ya shafe bayanta da kashin shanu ya bari ta bushe, sannan ya turara cikinta da kakin zuma da wasu saiwoyi. Ya hau ɗorawa ko kanya da igiya, ya ɗaure ta tsakanin rassa biyu, ya sauko ya bar wa Allah sauran. Amyarshi ta fi talatin. In zai ɗiba, da almuru yake hawa, da hayaƙi yake tura ƙudan baya, ya yanki saƙar da ta nuna, ya bar masu ta 'ya'ya da abin da zai kai su damina. Ya san abincinsu wata-wata kamar yadda na san na gidana. Yakan ce da kaka gawo ke ciyar da su, ƙarshen sanyi kaɗanya da ɗorawa su karɓa, ruwa na sauka tsamiya ta ɗauka, daga nan sai kabewa da wake da ciyawar daji. In aka sare itace guda, ba ya cewa an sare itace, sai ya ce an cire wa ƙuda wata ɗaya daga shekararsu.

To, a ƙarshen gonarmu, wajen hanyar Yashe, akwai wata tsohuwar kuka mai kogo can sama, tsawon mutum biyu daga ƙasa. Ƙudan da ke cikin kogon nan kakanshi ma a ciki ya same su. Uwa yake ce mata, kuma bai taɓa ɗibar ko cokali daga cikinta ba. Kowace shekara in sun yi yawa sai wani sashi ya fito dunƙule guda, ya nemi amya ya shiga. Amyarshi da ta maƙwabta har Yashe, duk daga nan suke cika.

Ni kuwa kogon nan ya tsaya mani a rai. Da bazara har zuma kan tsattsafo ta gangaro a jikin kukar, ƙwari na lasa.

Na ce mashi wata rana, “Bawan ƙuda, abin da ke cikin kogon nan ya cika tulu goma, kana kallo tururuwa na sha. Halan su ne magadanka?”

Ya ce, “'Yar gwaggo, ke in kin sayar da daddawa, har da tukunyar kike sayarwa?”

Shekarar da aka samu mulkin kai, ya kira liman da dattawa biyu ƙofar gida. A wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban, mutum na iya mallakar ɗorawa a gonar wani ba mai hana shi tsinka. Gabansu ya ce kukar nan da abin da ke cikinta ya ba ni kyauta, ba ta cikin gado. Da suka watse na ce mashi mi ya sa ni, ga 'ya'yanshi maza.

Ya ce, “Su ana iya lallashinsu. Ke kuwa shekara talatin ina neman in karɓi ko ludayi daga hannunki ban iya ba.”

Na yi dariya, na ji daɗi har cikin raina. Ya auna ni daidai ta wani gefe. Ba mai iya karɓar abu daga hannuna, wannan gaskiya ne. Abin da bai auna ba shi ne abin da zan iya yi da hannun nawa.

Ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi kwana tara, ana sauran kaɗan a fara yaƙin basasa. Bai bar wata doguwar wasiyya ba. Abokinshi Tanko, wanda suka koyi hawan itace tare tun suna samari, shi ya ci gaba da duba amyar, yana kawo mani rabona.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa, ba rana ɗaya ba. Da kwano ya zo, mutane suka daina neman ciyawar rufi, gamba ta zama abin da ke cinye kunya biyu a banza, aka bi ta da garma aka tuge. Da ta tafi, fakara ta rasa inda za ta yi ƙwai, zomo ya rasa maɓoya. Manyan motoci suka fara tsayawa bakin titin Kankia suna lodin itace zuwa Kano, kuma ba busasshe suke jira ba. Aka kawo maganin feshin auduga. Sannan aka yi babban farin nan da ya kashe shanun Fulani, rijiyoyi suka ƙafe, muka koma cin tafasa da yaɗiya. Amya ta zama wayam ɗaya bayan ɗaya, ƙudan suka yi ƙaura. Amma Uwa ba ta motsa ba. Abin da suka tara shekara da shekaru, wanda nake yi wa gori, shi suka ci suka ƙetare. Da ruwa ya dawo, daga kogon nan ƙuda suka sake fitowa suka shiga amya shida. Tanko ya zo har gida ya gaya mani, idonshi da ƙwalla.

Shekara biyu bayan farin aka tashi auren Rakiya. Ta gama karatun malanta, wani malamin Islamiyya ɗan gidan malamai a Kankia ya nema, tana so yana so. Lokacin kuɗi ne, kowa na aurar da ɗiya da gadon ƙarfe da kwanoni jere har rufi. Ranar da matan gidan ango suka kawo kayan sa rana, akwai gwaggonshi a ciki, wata doguwa mai haƙorin Makka. Ta zauna kan tabarmata tana duban rufin ɗakina na ciyawa.

Ta ce, “Ashe nan ne gidan zumar da ake faɗi. To, mu dai mun wanke baki muna jiran gara. Allah Ya sa ba labarin ne kaɗai ya rage ba.”

Matan suka yi dariya. Wasa ne irin na biki, kowa ya san ana yi. Da wata ce da ta mayar da wasa an wuce wurin. Ni sai na ce, “Hajiya, ki tanadi mazubi. Alkakin Rakiya ko ƙwayar sukari ba za ta taɓa shi ba.”

Washegari na aika aka kira Tanko.

Ya ce, “Abu, amya shida ce, kuma bana ba su tara abin da za a taɓa ba.”

Na ce, “Ba amya nake nufi ba.”

Ya ce, “Ƙafata ba za ta hau kukar nan ba. Ki bari in bi kasuwanni in nemo maki.”

“Zumar kasuwa a garar ɗiyar Mai Amya? Tanko, kukar tawa ce ko taka?”

“Taki ce. Shi ya sa nake roƙonki.”

Duk wanda ya san hayaƙi a Ƙofa da Yashe ya ƙi. Sai na samu wasu mutum biyu da ke yi wa masu auduga feshi da damina, da rani kuma su yi duk aikin da ya samu. Na ce su zo da almuru kamar yadda ake yi. Babban ya yi dariya ya ce, “Iya, wannan na mutanen da ne. Mu da rana tsaka za mu yi, ko ɗaya ba zai harbe mu ba.”

Suka zo da tsani, da gatari, da famfon feshi goye a baya. Ina tsaye can gindin tsamiya na ga famfon. Zan iya cewa na zaci maganin kamar hayaƙi yake, ya sumar da su su farfaɗo. Shekara da shekaru haka nake gaya wa kaina. Amma na ga abin da yake yi wa tsutsar auduga, na kuma ga kifin da ya taso ciki sama a tafki shekarar da aka wanke famfo a ciki. Na sani. Kalma ɗaya ta isa ta sauko da mutumin nan daga tsani. Sai na tuna haƙorin Makka yana ƙyalli cikin dariya, na kama bakina.

Ya zura bakin famfon cikin kogon. Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba, kamar ana niƙa a cikin itacen. Ba ta daɗe ba. Suka riƙa zubowa kamar an zazzage buhu, har gindin kukar ya yi baƙi, ana taka su suna ƙaras-ƙaras. Kwana biyu bayan nan aka riƙa tsintar ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye matattu a wurin, waɗanda suka zo cin gawar.

Tulu huɗu suka cika mani. Zuma baƙa ƙirin, mai kauri, wata saƙar ta girme ni. Da na buɗe tulun farko a ɗaki, warin maganin ya buge ni. Na ɗanɗana a kan yatsa, harshena ya yi nauyi har la'asar. Na buɗe na biyu, na uku, duk haka. Ko ni da taurin kaina ba zan ciyar da surukan ɗiyata guba ba. Na kai su tsohon ramin da muke ɗibar ƙasar gini na juye, na rufe da toka da ƙasa. Ranar kasuwa na hau mota zuwa Kankia, na sayi sukari a kanti, na lulluɓe shi cikin zane kamar kayan sata. Na dafa shi ya yi duhu, na tsoma alkakin.

Da aka kai gara, gwaggon nan ta gutsura ta lumshe ido, ta ce wa matan da ke wurin, “Kun ji abin da ake faɗi. Zumar Ƙofa daban ce.” Aka kawo mani labari, na ce ai na gaya mata. Na karɓi yabon, na yi ta yawo da shi.

Mutanen gari kuwa sai na ce masu ƙudan tashi suka yi, ragowar wahalar fari ce. Masu feshin sun tafi cin rani ba su dawo ba. Tanko ya je gindin kukar ya gani da idonshi, bai gaya wa kowa ba. Yana gaishe ni har yau, amma tun daga ranar bai ƙara sayen daddawata ba, matarshi Yashe take aikawa. Amya shidan nan kuwa, duk wadda ƙudanta suka tashi ba masu maye gurbinsu. Cikin shekara uku gara ta cinye ta ƙarshe.

Ban ce ni kaɗai na kashe dajin Ƙofa ba. Masu gatari sun yi nasu, fari ya yi nashi, masu garma sun yi nasu. Amma duk waɗannan Uwa ta gansu ta tsaya. Kuma ni na fara ganin sakamakon a cikin tukunyata. Ɗorawa na yin fure kamar da, sai dai 'ya'yan ba su kai rabi ba. Kabewar da nake shukawa a bayan ɗaki ta yi fure ya bushe ya faɗi ba ta kama ba. Maigidan yakan ce inda ƙuda ya sauka nan ɗa ke kamawa, ina ce mashi yabon iyayen gidanshi yake. Yau ni Abu, da mata ke zuwa daga Kusada sayen ƙalwa wajena, ƙalwar da motoci ke kawowa daga kudu nake saye in dafa.

Watan jiya ɗana na fari ya zo daga Kaduna, inda yake kwangila. Shi ya gaji gonar. Ya zauna ƙofar ɗakina, Rakiya na nan ta zo ganin gida, ya ce ya yi magana da mai katafila za a share gonar a sa tarakta, masara zai yi. Sauran itacen nashi ne, kuka ce kaɗai sai da yardata.

Ya ce, “Inna, kogon nan ba kowa a ciki. Tun fari suka tafi.”

Na ce, “Ba tafiya suka yi ba. Ni na kashe su.”

Na ba su labarin tun daga haƙorin Makka har ramin ƙasa, ban rage komai ba. Shi ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin motarshi. Rakiya ce ta yi magana, a hankali.

“Inna, da kin tambaye ni. Ni ko alkakin ba na ci.”

Ɗan nawa ya bar mani kukar. Bai yi gardama ba, ya ce Allah Ya jiƙan baba, ya tashi. Katafila ta zo ta yi kwana uku. Ɗorawa biyu, da kanya, da gawon da ke tsakiya, da tsamiyar da na tsaya gindinta, duk ta kwantar da su. Yanzu daga hanyar Yashe kana hango kukar ita kaɗai a fili fetal, kamar wadda aka manta ba a ɗauka ba. Na je wajen Tanko, karo na farko cikin shekarun nan, na ce mashi na faɗi gaskiya kuma na tsare kukar, ko zai turara kogon da damina mu gani ko wasu za su zo. Ya tsufa, ba ya hawa yanzu. Ya ce, “Abu, ko sun zo, mi za su ci?”



To mi ya rage na Mai Amya? Amyarshi ta zama ƙasa. Igiyarshi an ɗaure akuya da ita har ta tsinke. Cikin 'ya'yanshi ba wanda ya iya saƙar, kuma ko ya iya, sai ya yi tafiyar yini kafin ya samu gambar da za ta isa guda ɗaya. Abu ɗaya na ga ya rage, kuma ba a gidana yake ba. Sanda yake raye ba ya barin kowa ya ɗaga murya kusa da kukar nan, don hayaniya na tayar da ƙudan su far wa mai wucewa da dabbarshi. In ya ji mata na tafe suna shewa sai ya tare su tun daga nesa ya roƙe su su yi a hankali. Shekara talatin yana yi har ya zama ɗabi'ar hanyar. Yau mata masu dawowa daga kasuwa na isa wurin sai hira ta yanke, sai sun wuce su ɗora daga inda suka tsaya. Na ga mai keke ya rage muryar rediyonshi. Amaren da aka kawo daga wasu garuruwa, da ba su taɓa ganin ƙuda ɗaya a kogon ba, su ma suna yi. In ka tambaye su sai su ce iskoki ne a ciki.

Ba iskoki ba ne. Mutum ne ya zauna da wasu halittun Allah, ya ci daga gare su bai cuce su ba, ya koya wa gari guda ladabin wucewa ta ƙofar gidansu. Ku ci gaba da yin shirun in kun iso wurin, amma ku san don wa kuke yi. In kuma za ku yi addu'a a cikin shirun, ku yi mashi, Allah Ya haskaka kabarinshi. Abin da ya saura ku yi mani, na fi shi bukata.